Awa biyu da muka bar Auta yana jira a kan Gangirwal

Tunda muka dawo daga Taraba mutane ke tambayata, yaya hawan dutsen, kun kai sama kuwa, ni kuma kullum sai in ce alhamdulillahi mun kai in ja bakina in yi shiru. To gaskiya rabin amsa ce wannan. Mun kai ɗin, mu biyu cikin biyar, amma kaiwar tamu saura ƙiris ta sa mu rasa yaron da aka damƙa mana amana, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin tun daga tushe yadda ya faru, saboda na san akwai samari da yawa yanzu da ke ganin hotunan wurin a Facebook da Instagram suna ta haɗa kuɗin mota, kuma irin lissafin da mukai shi suke yi.

Dutsen da nake magana shi ne Chappal Waddi, mutanen wurin sun fi kiransa Gangirwal, wasu kuma suna masa laƙabi da dutsen mutuwa. Shi ne wuri mafi tsayi a duk Najeriya, mita 2,419 daga saman teku, yana can jihar Taraba daf da iyakar Kamaru, a cikin gandun dajin Gashaka-Gumti wanda aka kafa a 1991 da aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti wuri ɗaya. Gandun nan shi ne mafi girma a ƙasar, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba ya shiga har Adamawa, kuma ofishinsa na Serti ne, a can ake karɓar izini a haɗa ka da malamin daji mai rakiya don ba a shiga haka kawai. Yankin ma gaba ɗaya asali yana cikin Kamarun da Jamus ta riƙe, daga baya Ingila ta karɓa, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zaɓi zama a Najeriya, daga nan aka samu lardin Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar Gembu ke ɗauke da shi har yau. Na kawo wannan ne don mutum ya gane cewa wurin bakin ƙasa ne na gaske, in abu ya same ka a can babu wata motar asibiti da za ta zo.

Mu biyar ne daga Kano. Akwai Alhaji wanda shi ne babbanmu kuma motarsa muka shiga, da ni, da ɗan baffana wanda tare muka taso, da wani abokinmu nas ne amma Likita muke ce masa, sai ƙanin Alhaji ɗin, ɗan shekara goma sha tara, Auta. Mahaifiyarsu da kyar ta yarda ya biyo mu, har ƙofar gida ta rako mu tana cewa ga amana nan. Kafin tafiyar mun yi kusan wata biyu muna abin da muka ɗauka shiri ne, kowace Asabar mu hau Dala mu sauka mu sake hawa, wani lokaci Goron Dutse, sau ɗaya ma har Zariya muka je muka hau Kufena. To Dala mita 534 ne daga saman teku, kuma Kanon kanta tana zaune a wajen mita 480, ka ga abin da kake hawa ɗin bai taka kara ya karya ba, ga matattakala, ga mai ruwan sanyi yana jiranka a ƙasa.

Kuskuren farko tun a gida mukai shi, wato zaɓen lokaci. Ƙarshen Oktoba muka sa, saboda a wurinmu lokacin damina ta ɗauke, an yanke gero, hunturu bai kankama ba, muka ce ai ba ruwa ba sanyi, daidai kenan. Ashe kalandar Kano muka ɗauka muka ɗora wa Mambila. Can ruwa yana farawa tun wajen Maris zuwa Afrilu kuma yana kaiwa Oktoba har ya leƙa Nuwamba, masu zuwa hawan dutsen da saninsu tsakanin Disamba da Maris suke zuwa. A Oktoba ciyawa ta kai maƙura, wani wurin ta fi ƙugu, kullum a jiƙe take da raɓa, ƙoramu a cike, jar ƙasar nan kuma in ta sha ruwa kamar an shafa mata sabulu.

Tsarin da muka yi da farko ba laifi. Kano zuwa Jalingo ta Bauchi da Gombe da Numan, washegari Bali zuwa Serti mu karɓi izini, mu hau Mambila ta Mayo Selbe da Maisamari mu kwana Nguroje, daga nan 'yan acaɓa su kai mu Njawai, mu taka zuwa ƙauyen ƙarshe da ke gindin dutsen, sai mu ba dutsen kwana biyu, ranar farko mu hau mu kafa tanti a hanya, washegari da sassafe mu ƙarasa sama mu sauko da rana tsaka. Sai mota ta lalace mana tsakanin Bali da Serti, radiyeta ce ta fashe, kafin a samo bakanike a like a zuba ruwa rana ta yi nisa, muka shiga Serti an tashi daga ofis. Kwana ɗaya ya tafi kenan. Ni da ɗan baffana kuma dole ranar Litinin ta same mu a wurin aiki. A ɗakin da muka sauka a Serti muka zauna mukai lissafi a bayan takardar biredi, muka ce ai tsaunin Mambila kansa a matsakaici mita 1,600 ne, ka cire daga 2,419 saura ɗari takwas da 'yan kai, wannan ai a yini ɗaya a hau a sauko. Lissafin a takarda daidai ne, abin da ba ya ciki shi ne hanyar ba miƙewa take sama ba, sai ka gangara kwari ka tsallaka rafi ka sake hawa abin da ka sauka, sau da yawa, kafin ma ka fara ainihin dutsen.

Malamin dajin da aka haɗa mu da shi dattijo ne mai ƙarancin magana. Da muka gaya masa sabon tsarin sai ya yi shiru jim, ya ce Alhaji ana yi, amma da sharaɗi biyu, ana sallame asuba mu kama hanya, kuma duk inda ƙarfe ɗaya na rana ta same mu, ko da saman muna ganinsa kamar mu miƙa hannu mu taɓa, juyawa za mu yi. Duk muka ce mun yarda. Wallahi da baki ɗaya muka ce mun yarda, kuma ni ne na fi kowa ɗaga murya.

Tafiyar mashin daga Nguroje ba zan daɗe a kanta ba, awanni ne na laka da gangara da sauka a tura, ga itatuwan turare jere a bakin hanya ga shanu jajaye masu dogon ƙaho a kan tuddai ko ta ina, kyau kam Allah ya yi wa wurin. Mun isa ƙauyen ƙarshe da yamma liƙis a jiƙe, muka je muka gaida Jauro, aka ba mu ɗaki, aka samo mana samari biyu 'yan garin da za su taya mu ɗaukar kaya. Sabis ɗin waya tun a hanya ya ɗauke.

A daren nan Auta ya fita zagayawa sau huɗu. Babu wanda ya sani cikinmu sai daga baya, a hankali yake zare sakata ya fita ya dawo ya kwanta. Ya sha ruwan wata ƙorama a hanya lokacin da muka tsaya tura mashin, mu ma da yawanmu mun sha, shi ne dai abin ya kama. Da safe Alhaji ya ce masa Auta lafiya na ga idonka ya faɗa, ya ce lafiya lau Yaya, barci ne ban samu ba. Shikenan aka wuce wurin. Shayi kawai ya kurɓa, biredin ya tura aljihu.

Kuma ba mu tashi da asuba ba. An kwana ana ruwa, kayanmu na jiya ba su bushe ba, muka tsaya shanya su a bakin murhu, muka tsaya jiran shayi, muka tsaya gardamar abin da za a ɗauka da wanda za a bari, malamin daji yana tsaye a waje da sandarsa yana duban sama bai ce komai ba. Sai takwas da kusan rabi muka fita. A gardamar nan ne mukai wani kuskuren da a lokacin ya yi kama da dabara, tunda yau za mu dawo me za a yi da tanti da barguna, aka bar su a ɗaki don kaya su yi sauƙi. Abin da muka ɗauka ruwa ne da dabino da ƙuli-ƙuli da garin kwaki da suga, tocila biyu, sai rigar ruwa guda biyu tak tsakanin mutum biyar. Ni wandon jins ne a jikina da riga mai hula ta auduga. Auta kambas ne a ƙafarsa wanda ƙasansa ya suɗe, da 'yar suwaita. Samarin garin kuwa kowanne da takalmin ruwa na roba da sanda da leda babba a ninke a aljihu, mun gani amma ba mu karanta komai a ciki ba.

Hawan kansa zan faɗi gaskiya ya fi duk abin da na zata. Akwai inda za ka bi sawun shanu a gefen tudu, hagunka sama damanka kwazazzabo, akwai inda za ka shiga kurmi a bakin rafi duhu da sanyi da santsin duwatsu, sai ka fito ka tarar da tsayuwar da sai ka kama ciyawa da hannu kana jan jikinka. Numfashi kuma yana ƙaranci, don a tsayin mita 2,400 iskar da kake shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu in ka gwada da bakin teku, taku ashirin sai ka tsaya. Likita ya riga ya gaya mana cewa ciwon tsauni irin wanda ke kama masu hawan Kilimanjaro yawanci daga mita 2,500 yake farawa, don haka ba shi ne abin tsoro a nan ba, kuma gaskiyarsa. Sai dai duk hankalinmu ya tafi kan numfashi da gwiwa, babu wanda ya kawo sanyi a ransa, mutumin Kano da rana tsaka yana zufa ina zai tuna da sanyi.

Auta tun wajen sha ɗaya ya koma bayan layi. In an tsaya hutu sai ya ɗan ratse cikin ciyawa ya ce fitsari. Ana miƙa masa dabino ya ce ya ƙoshi.

Ƙarfe ɗaya ta same mu a kan wani doron tudu, fili fetal babu bishiya ko ɗaya, iska tana busowa daga gabas, ga saman dutsen can muna gani. Malamin daji ya duba agogo ya ce to jama'a nan ne, ya nuna wani hadari da ya fara haɗowa ta ɓangaren Kamaru ya ce wancan ba zai kai la'asar ba. Na ce Yallaɓai saura nawa, ya ce ga mai ƙarfi awa ɗaya hawa, rabin awa dawowa. Na ce Yallaɓai daga Kano fa muka taso, kwana uku a hanya, mu zo nan mu juya. Ya ce Malam dutsen ba inda za shi. Alhaji ya ce a bi maganar mutumin nan, Likita ma haka. Muka tsaya ja-in-ja kusan minti ashirin, daga ƙarshe ɗan baffana ya kalle ni na kalle shi, muka ce ku jira mu a nan yanzun nan za mu dawo, muka juya muka kama hawa ba tare da an ba mu izini ba.

A nan ne abin ya lalace, kuma ina so mai karatu ya lura da yadda ya lalace ɗin, don ni kaina sai da na kwana biyu ina juya shi kafin na gane. A raina lokacin cewa nake in ma akwai haɗari ai kaina na jawo wa, ni da ƙafata, ni da raina. Amma malamin daji ba zai iya barin baƙi biyu su shiga hazo su kaɗai a bakin iyakar ƙasa ba, dole ya biyo mu. Da ya biyo mu kuma sauran ba su da halin sauka, saboda an ce su jira, kuma Alhaji ba zai tafi ya bar mu a sama ba. Sai ya zama mu da muka yi gangancin muna tafiya jikinmu na ɗumi, su da suka bi doka suna zaune a fili cikin iska da rigunan da suka jiƙe da zufa da raɓa. Kuma a cikinsu akwai yaron da cikinsa babu komai tun jiya, ruwan jikinsa ya zube.

Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana sauka da wajen digiri shida da rabi. Tsakanin Kano da inda suke zaune ka ga an doshi digiri goma sha biyu kenan tun kafin a sa iska da ruwa a lissafi. Jiƙaƙƙen kaya kuma, musamman auduga da jins, janye ɗumin jiki suke, don ruwa yana kwashe zafi fiye da iska sau ashirin da wani abu. Ba sai an yi ƙanƙara sanyi ke kashe mutum ba, digiri goma da ruwa da iska da yunwa sun isa. Jikin mutum a 37 yake zaune, da ya sauka ƙasa da 35 an shiga matsala.

Mun kai saman wajen biyu da kwata. Ba mu ga komai ba, hazo ya rufe ko'ina, taku goma ba ka ganin na gabanka. Ko minti biyar ba mu yi ba, hoto biyu, malamin daji ya ce mu tafi. Muna fara gangarowa ruwa ya sauko, ba yayyafi ba, ruwa mai iska da ke dukan fuska ta gefe, rabin awar da aka ce ta zama awa guda da wani abu saboda kowane taku sai ka dafa, na faɗi ya fi sau biyar, ɗan baffana ya murɗe gwiwa. Sai uku da rabi muka dawo inda muka bar su. Sama da awa biyu kenan suna wurin.

Abin da na tarar har yanzu in na rufe ido ina ganinsa. Samarin garin sun buɗe ledojinsu sun yi 'yar rumfa da sanduna, Alhaji ya cire rigar ruwansa ya sa wa Auta shi yana tsaye a jiƙe, Likita ya rungume yaron ta baya. Auta leɓensa ya canza launi, haƙoransa na haɗuwa, ina masa magana yana amsawa kamar mai maye, harshe ya yi nauyi. Likita ya ce ya ɗaure igiyar takalminsa, ya kasa, yatsun ba sa kamawa. A lokacin ne ma ya faɗa musu zancen gudawar, da Likita ya matsa masa da tambaya. Alhaji bai ce min komai ba, ko kallona bai yi ba, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Rana a can a ƙarshen Oktoba kafin shida ta faɗi, kuma duhu ba ya jira. Komawa ƙauye a wannan hali, da mai gwiwa ɗaya da wanda ba ya iya tsayuwa da tocila biyu da rafukan da suka ƙara cika, malamin daji ya ce ba zai yiwu ba. Ya yi magana da samarin da Fulatanci, ɗayansu ya ce akwai rugar wani dattijo a gefe, ba kan hanyarmu ba, a wani lungu da iska ba ta kaiwa sosai. Su biyun nan suka dinga goya Auta bi da bi a kan gangaren da ni da ba na ɗauke da komai nake faɗuwa. A hanya Likita ya matso kusa da ni ya ce a hankali, rawar sanyin ta fara raguwa. Na ce alhamdulillahi. Ya ce a'a, ba alheri ba ne, in mutum na cikin sanyi rawar ta tsaya alhali bai ɗumama ba, jikin ne ya gaji da kare kansa.

Mun isa rugar ana gab da magariba. Bukkoki uku ne da garke. Dattijon bai tambaye mu daga ina ba, yana ganin yaron a goye ya ɗaga asabari ya ce a shigo da shi, matarsa ta ƙara itace a wuta. Daga nan Likita ya karɓi ragama kuma abin da ya yi shi nake so kowa ya riƙe. Ya cire masa jiƙaƙƙun kayan gaba ɗaya ya goge shi, ya ce kar a kwantar da shi a ƙasa, aka shimfiɗa buhu da busasshiyar ciyawa da fata, aka rufe shi da bargon dattijon har kai, ya sa Alhaji ya cire riga ya shiga bargon ya manna ƙirjinsa da bayan yaron. Ni na kama ƙafafunsa zan murza, Likita ya buge min hannu, ya ce murza hannu da ƙafa yana kora jinin da ya yi sanyi zuwa zuciya, ƙirji da ciki ake fara ɗumamawa. Ɗan baffana ya ce a matsar da shi jikin wuta, ya ce a'a, fatar ba ta ji yanzu, zai ƙone bai sani ba. Inna, matar dattijon, ta tafasa madara, Likita ya zuba suga, sai da ya tabbatar yaron na iya haɗiya sannan ya fara ba shi da ludayi kaɗan kaɗan. Bayan nan ya haɗa ruwan gishiri da suga da tafasasshen ruwa, lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri, saboda gudawar.

Can wajen bayan isha rawar sanyin ta dawo masa da ƙarfi har bargon na girgiza, Likita ya sauke ajiyar zuciya ya ce yanzu ne za ka ce alhamdulillahi. Zuwa tsakar dare ya fara magana daidai, abin da ya fara cewa shi ne Yaya ku yi haƙuri na ɓata muku tafiya. A nan ne na fita waje na tsaya cikin shanu na yi kuka, mun haɗa magariba da isha a wannan daren amma ban san me na karanta ba.

Da safe gari ya waye tas, babu gajimare ko ɗaya, ga Gangirwal a tsaye a fili, tsaunuka jere har cikin Kamaru, hazo kwance a cikin kwaruruka ƙasa da mu. Da mun bi tsarin farko na kwana biyu, daidai wannan safiyar ce za mu kasance a sama, mu biyar ko aƙalla huɗu. Malamin daji ya ga ina kallo bai ce komai ba. Alhaji ya ciro kuɗi zai ba dattijon, ya ƙi karɓa, ya ce baƙon da ruwa ya koro ba a karɓar kuɗinsa, sai da muka ce Baffa to ga suga da ganyen shayi da tocila, waɗannan ya karɓa. Muka sauko a hankali, Auta na takawa da sanda ana tsayawa, muka isa ƙauye da azahar. Litinin ɗin da muka yi ta gudu dominta a hanya ta same mu, sai Laraba na shiga ofis, kuma babu abin da ya faru, tambaya ɗaya akai min aka wuce.

A mota muna dawowa mun yi maganar sosai, kuma ba mu haɗu a kan abu ɗaya ba. Alhaji yana ganin tun daga zaɓen wata aka ɓata, da rani muka zo da duk sauran kurakuran ba za su kai haka ba, ka makara ka jira a fili ka sha iska amma a bushe kake. Likita ya ce shi laifinsa yake gani, don ya san yaro irin Auta a gaban yayyensa ko mutuwa yake in ka ce lafiya zai ce lafiya lau, haka aka tarbiyyantar da mu, ƙarami ba ya cewa na gaji a gaban manya, balle zancen gudawa da kunya ba za ta bari ya faɗa ba. Ya ce kamata ya yi tun da safe ya ja shi gefe su biyu ya tambaye shi dalla-dalla, me ka ci, sau nawa ka fita jiya, fitsarinka wane launi, don irin wannan tambayar ba a amsa ta da lafiya lau. Na yarda da su duka biyun. Amma ni abin da na riƙe shi ne duk waɗancan sun riga sun faru kafin ƙarfe ɗaya, kuma duk da haka da mun juya a ƙarfe ɗayan da Auta yana tafiya jikinsa da ɗumi, ruwan zai same mu can ƙasa kusa da kurmi, mu isa gida a jiƙe a gajiye kafin duhu, ya sha magani ya kwanta. Wata ba mu ne muka san shi ba, radiyeta ba mu muka fasa ba, amma ƙarfe ɗaya an faɗa mana tun a Serti kuma mun ce mun yarda. Ni na karya, kuma wanda ya biya ba ni ba ne.

Ɗan baffana har yau yana cewa ai da malamin dajin ya bar mu mun tafi mu kaɗai ya sauko da sauran da ba a samu matsala ba. Ban yarda ba. A cikin hazon nan da muka juyo daga sama ni da shi mun kama wata hanya ta hagu da muke da tabbacin ita ce, malamin dajin ne ya kira mu ya ce nan kwazazzabo za ta kai ku. Da babu shi da yanzu wani labarin ake.

Mun sa ranar komawa a Janairu. Wannan karon kwana takwas muka ware har da ɗaya na ko-ta-kwana wanda ba a taɓa shi sai mota ta lalace, tanti da bargo za su hau tare da mu ko da yini ɗaya muka yi niyya, kowa da rigar ruwansa da tocilarsa da busassun kaya a ƙulle cikin leda, babu jins, ruwan rafi sai an tafasa, kuma mun yi alkawari a gaban Alhaji cewa in malamin daji ya ce a juya babu mai buɗe baki. Na sayi bargo biyu masu kauri da buhun gishirin shanu da zan kai wa Baffa da Inna in Allah ya sa ba su tashi daga wurin ba.

Da muka dawo ni na je da kaina na gaya wa Hajiya duk abin da ya faru, ban bar wa Alhaji ba, na ce mata ni ne na tafi na bar su. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce Allah ya kiyaye gaba. Auta ya dage sai ya koma tare da mu, ta ce ta yarda in Likita zai je, kuma ni ne zan dinga tafiya a bayan yaron tun daga gindin dutsen har a sauko.